Yaron da ya zama ƙwararre a tseren keke, ya dace ya koma gasar ƴan ƙasa da shekara 23? Tambayoyinku da amsoshina

Tun da aka gama gasar tseren keke ta duniya a Kigali ta Ruwanda a watan Satumban 2025 gardamar ko ya dace yaron da ya zama ƙwararre ya shiga rukunin ƴan ƙasa da 23 ta ƙi ƙarewa a cikinmu, duk ranar Asabar in mun dawo daga hanyar Zariya muka tsaya wajen mai shayi a Kawo sai wani ya tayar da ita, wasu kuma su biyo ni ta WhatsApp da tambaya iri ɗaya. Ni dai shekaruna na hawan keke da yaran Kaduna da ɗan dama, kuma maganar tana ci mini rai sosai don ta shafi yaranmu kai tsaye, shi ya sa na tattara tambayoyin da aka fi yi na amsa su a waje ɗaya.

Wai mene ne ma wannan rukunin ƴan ƙasa da 23 ɗin?

Hukumar tseren keke ta duniya, wato UCI, wadda hedikwatarta ke garin Aigle a Suwizalan, ta raba masu tsere gida-gida. Ƴan shekara 17 da 18 su ne ƙanana, daga 19 zuwa 22 su ne ƴan ƙasa da 23, daga nan sai manya. A 1996 aka fara yin wannan rukunin a gasar duniya, a Lugano, inda Giuliano Figueras ɗan Italiya ya ci. Kafin nan abin da ake yi shi ne tseren ƙwararru daban, na waɗanda ba sana'arsu ba ce daban, to kun ga tun asali an kafa rukunin ne don ya zama tsani, yaro ya taka ya nuna kansa kulob babba ya ɗauke shi.

Abu ɗaya da ke rikita mutane, ba da ranar haihuwa ake lissafi ba, da shekarar haihuwa ne. Lorenzo Finn da ya ci a Kigali shekararsa 18 a ranar, don a Disambar 2006 aka haife shi, amma a takarda ɗan 19 ne tunda a 2025 aka yi tseren.

In dai shekarunsa ba su wuce ba, ina laifinsa? Ai bai ci amanar kowa ba.

Gaskiya ne bai ci amanar kowa ba, kuma duk wanda ya ce yaron ya yi maguɗi ya zalunce shi. Amma ku tsaya ku kalli abin da ke bayan yaro ɗan shekara 21 da ya sa hannu a kwantiragi da kulob na WorldTour, waɗannan manyan kulob 18 da ke zuwa Tour de France, babban tseren zagaye Faransa. Albashinsa ko mafi ƙanƙanta ne ya haura Yuro dubu 30 a shekara, yana da koci nasa, likita, mai dafa abinci da ke auna masa shinkafa a sikeli, makaniken da ke wanke masa keke ya gyara kafin ya farka, ana kai shi kan duwatsu ya yi sati uku yana atisaye inda iska ba ta da yawa don jininsa ya ƙara ƙarfi, sannan ya shafe shekara guda yana gudu a cikin ayarin manyan gwaraza irin su Tadej Pogačar. Wannan yaron ka kawo shi ka jera da tsaransa da ke zuwa makaranta da safe ya hau keke da yamma, ka ce ai shekarunsu ɗaya ne. Eh shekarunsu ɗaya, amma ko ba a gwada ba an san linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Ku duba nisan ma. Tseren manya a Kigali wajen kilomita 267 ne, na ƴan ƙasa da 23 kusan 165. Wanda jikinsa ya saba da awa shida a kan sirdi, in aka ce ya yi awa huɗu, lokacin da sauran ƙafa ta fara nauyi shi a lokacin yake jin daɗin jikinsa.

To yanzu me doka ta ce?

Daga 2025 UCI ta hana mazan da ke da kwantiragi da kulob na WorldTour ko na mataki na biyu, wato ProTeam, shiga rukunin ƴan ƙasa da 23 a gasar duniya. Kigali ce ta farko da aka yi aiki da dokar.

Dama ƙwararrun sun riƙa cinyewa ne har aka hana su?

Wani lokaci eh, wani lokaci a'a, kuma nan ne masu adawa da dokar suke samun bakin magana. A 2022 a Wollongong ta Ostireliya, Yevgeniy Fedorov na Kazakistan ne ya ci, yana kulob ɗin Astana na WorldTour. A tseren da ake sakin mutum shi kaɗai yana fafatawa da agogo, Lorenzo Milesi ya ci a 2023, Iván Romeo na Movistar ya ci a 2024, dukkansu ƴan manyan kulob ne. Amma a 2021 a Leuven ta Beljiyam, Filippo Baroncini da ya zo na ɗaya ƙaramin kulob yake, ya tsere wa ayarin shi kaɗai ana dab da gamawa, ya bar ƙwararru biyu a bayansa, Biniam Girmay da Olav Kooij. Tseren yini ɗaya haka yake, akwai dabara, akwai sa'a, taya na iya yin faci, wani na iya faɗuwa a gabanka ya ɗebe ka.

Sai dai akwai wani abu da ni ya fi damuna. Wanda ya ci wannan kambun ana ba shi farar riga mai zanen bakan gizo, kuma ba shi da ikon saka ta sai a tseren ƴan rukuninsa. To ƙwararren da ya ci, gobe ya koma cikin manya, rigar nan sai dai ya ninke ta ya ajiye a akwati, shekara guda ba wanda zai gan ta a hanya. Shi kuwa yaron da ya zo na huɗu ko na biyar, wanda da ya ci da wataƙila a daren nan wani manaja ya kira shi, ya koma gida haka nan.

Koci, kai ka ce kana son Girmay, ai da wannan dokar na nan da bai samu azurfarsa ba.

Wallahi haka ne, kuma wannan tambayar ita ce ta fi yi mini nauyi, wani ƙanena ne daga Barnawa ya jefo mini ita muna shan shayi na yi shiru na ɗan lokaci. Biniam Girmay ɗan Eritiriya ne, haihuwar 2000, kuma ƴan makonni kafin tseren Leuven ya koma kulob ɗin Intermarché na WorldTour, to da dokar yau ce da ba a bar shi ya shiga ba. Azurfar nan da ya ɗauka shi ne baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya hau dandamalin karɓar lamba a gasar duniya ta tseren kan titi, ni a waya na kalla, cajina na dab da ƙarewa, na miƙe tsaye ina ihu a tsakar gida har mai ɗakina ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Bayan nan ya ci tseren Gent-Wevelgem na Beljiyam a 2022, ya ci zango ɗaya a Giro d'Italia a shekarar, a 2024 kuma ya ci zango uku a Tour de France ya tafi da koriyar rigar wanda ya fi tara maki.

Abin da zan ce shi ne, ɗan Afirka da ya samu kwantiragi a Turai ba kamar ɗan Beljiyam ba ne da ya taso tun yana shekara 10 yana tsere duk ƙarshen sati a bayan gidansu. Namu yaron yakan isa can a makare, ga wahalar biza, ga sanyi, ga yare, sai ya fara koyon yadda ake gudu a cikin mutum ɗari da hamsin kafaɗa da kafaɗa a kan titi ƙunci, abin da tsaransa suka iya tun suna firamare. Irin wannan yaron tseren ƴan ƙasa da 23 shi ne inda zai iya ɗaga tutar ƙasarsa a gaba, in ka tura shi cikin manya shi kaɗai ko su biyu, alhali Beljiyam ta zo da mutum takwas suna kare wa juna iska, ka san inda za a kwana. Don haka ina goyon bayan dokar, amma ba zan ɓoye muku ba cewa mu ne ta fi taka wa ƙafa, kuma da za a ji ta tawa da an yi wa ƙasashen da ba su da yawan ƙwararru sassauci, ko da a shekarar farko ta kwantiragin yaro ce.

Shi ƙwararren ɗan Turai fa, ba a cuce shi ba?

Akwai wanda aka cuta. Ɗauki yaro ɗan Italiya ko Beljiyam mai shekara 20, ya shiga babban kulob amma aikinsa ɗauko wa manya gorar ruwa daga mota, ƙasarsa ba za ta sa shi cikin mutum takwas na manya ba, ga shi an rufe masa ƙofar tsaransa, ya zama ba shi ga tsuntsu ba shi ga tarko. Amma shi yana da albashi, yana da tsere sittin a shekara da zai nuna kansa, ana haska shi a talabijin. Asararsa ba ta kai ta wancan da ke jiran rana ɗaya tak ba.

Ai su Pogačar da Evenepoel ma yara ne suka fara cin manya, to me ya rage wa rukunin?

Wannan shi ya canza komai. Da can sai mutum ya kusa 25 ake ganin ya nuna, yanzu kulob suna ɗaukar yaro kai tsaye daga rukunin ƙanana. Remco Evenepoel ya cinye duka biyun na ƙanana a Innsbruck a 2018, ya tsallake rukunin ƴan ƙasa da 23 gaba ɗaya, yana da 19 ya ci Clásica San Sebastián, yana da 22 ya ci Vuelta, babban tseren zagaye Sifaniya, ya kuma zama zakaran duniya na manya a 2022. Egan Bernal ɗan Kolombiya ya ci Tour de France a 2019 yana da 22, Tadej Pogačar ya ci a 2020 yana da 21. Ku yi tunani, a shekarar da Pogačar ya ci Tour, a lissafin shekaru ɗan ƙasa da 23 ne. Wa zai yarda a ce ya zo ya jera da yaran da ba su taɓa karɓar albashi ba, ya ɗauki kambunsu? Shi kansa bai nema ba, manyan cikinsu ba sa nema, Paul Seixas na Faransa yana da 19 cikin manya ya shiga a Kigali. Waɗanda ke komowa ƙasa su ne na tsakiya, sun fi ƙarfin yara, ba su kai manya ba.

Na ji an ce dokar tana da ƙofar baya, gaskiya ne?

Gaskiya ne. Kusan kowane babban kulob yanzu yana da ƙaramin kulob na renon yara, a takarda ƴan mataki na uku ne don haka doka ba ta taɓa su ba, amma keke iri ɗaya suke hawa da manyan, likitoci ɗaya, wani lokaci har a ɗauke su su yi tsere tare da manyan. Axel Laurance da ya ci a Glasgow a 2023 daga na Alpecin yake, Niklas Behrens da ya ci a Zurich a 2024 daga na Lidl-Trek, Finn na Kigali daga na Red Bull-Bora. To yaron da ya zo daga Burkina Faso ko Najeriya da keken da ya ara, har yanzu da waɗannan zai kara. Dokar ta rage tazara ne kawai, ba ta cike ta ba.

Mata fa?

Su nasu ya sha bamban. Sai a 2022 aka fara ba da kambun ƴan ƙasa da 23 na mata, kuma a cikin tseren manya ake cire wadda ta fara isowa a cikinsu, Niamh Fisher-Black ta New Zealand ce ta fara ɗauka. Tsere nasu na kansu sai a Kigali aka fara, kuma ba a hana ƙwararru shiga ba, Célia Gery ta Faransa da Zoe Bäckstedt ta Birtaniya da suka ci duk ƴan manyan kulob ne. Dalili a fili yake, matan ba su da yawa, ƙananan kulob ɗinsu ma ba su da yawa, yarinya mai ƙoƙari tana gama rukunin ƙanana babban kulob ke ɗauke ta, in ka cire su da wa za a yi tseren. Ku riƙe wannan, don halin da muke ciki a nan gida ya fi kama da na matan nesa ba kusa ba.

Mu a Kaduna ina ruwanmu da rigimar Turawa, waye ƙwararre a cikinmu?

Ba mu da ɗan WorldTour, haka ne, amma muna da irin tamu tazarar. Akwai yaron da jiha ta ɗauka yana karɓar ɗan alawus, ya je sansanin horo, ya hau filin tseren keke na babban filin wasa na Abuja, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003, yana da keke mara nauyi da za ka ɗaga da yatsa biyu. Akwai kuma yaron Rigasa ko Tudun Wada da ya haɗa kuɗin gwanjo ya sayi keken ƙarfe, giyarsa wani makanike ne ya haɗa masa daga kekuna uku a Panteka.

Na taɓa raka wani yarona wani tsere na matasa, ba zan faɗi waɗanda suka shirya ba. Shekararsa 19, yana taya babansa sayar da kayan miya, hular kwanon ma aro na yi masa, takalmin ƙwallo ya sa ya ɗaure ƙafarsa a feda da robar taya. Yara biyu da suka dawo daga sansani suka tsere tun zagaye na biyu, shi ya zo na uku, ya sauka ƙafarsa na rawa ya zauna a bakin kwalbati, na fasa masa fiya wata biyu a ka. Da numfashinsa ya dawo sai ya ce, Koci, don Allah da kekensu nake kai da zan kamo su? Na ce masa ban sani ba ɗana, amma duk wanda ke kan irin kekenka yau bayanka ya gani. Washegari mahaifinsa ya tare ni ya ce, Malam, in dai kullum masu kayan gwamnati ne za su ci, gara yaron nan ya zauna a rumfa ya taya ni. Sai da na yi ta ba shi baki kafin ya bar shi ya ci gaba.

Kuma maganar keke ba ta ƙananan yara kaɗai ba ce, Ese Ukpeseraye da ta wakilci Najeriya a Olamfik na Paris a 2024, ita ce ta farko a tseren keke, sai da tawagar Jamus ta ara mata keken da ta yi tseren cikin fili da shi.

To a nan gida a hana yaran sansanin shiga kenan?

A'a, sam ban yarda ba. Turai suna da yara ɗaruruwa, in sun cire talatin ba a ji ba, mu kuwa wani tseren in an tara mutum ashirin da biyar an yi ƙoƙari, ka cire biyar ɗin da suka fi iyawa me ya rage, kuma yaranmu a ina za su koyi yadda ake maƙale wa tayar wanda ya fi su in ba su taɓa gudu a bayansa ba. Yaron nan nawa abin da ya koya a zagaye biyun da ya bi su, na yi wata shida ina faɗa masa da baki bai shiga ba. Abin da nake roƙon masu shirya tsere shi ne a sake su tare amma a raba lissafi, lamba da kyauta daban ga waɗanda ke karɓar alawus ko suka taɓa wakiltar jiha, daban ga sauran, ba ya cin ko sisi sai ƙarin layi ɗaya a takardar rajista da lambobi uku. Da an yi haka a ranar, yarona da zinare zai koma Rigasa, kuma da ba ni ke bin mahaifinsa ina roƙo ba.

Maganar rage shekaru fa, ba ita ce babbar matsalar ba?

Ita ce, kuma ta fi maganar kwantiragi muni sau goma, don shi ƙwararre bai yi ƙarya ba, wannan kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Duk mun san yadda ake yi, mutum ya kai 26 ya je ya yi takardar rantsuwa a kotu ya dawo ɗan 20, ya aske gemu da asuba ya zo ya jera da yara. Na taɓa ganin wanda muka yi tsere tare shekaru da suka wuce a layin ƴan ƙasa da 23, na ja shi gefe na ce ɗan'uwa ka ji tsoron Allah, yaran nan ƙannenka ne, ya sunkuyar da kai ya ce Yaya kocinmu ne ya ce in shiga ana neman lamba. Kun ji inda matsalar take, yawanci ba daga yaron ba ne.

A ƙwallo mun ga yadda abin ya kai FIFA ta fara gwajin ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI a gasar ƴan ƙasa da 17 ta 2009, wadda aka buga wasu wasanninta a nan filin Ahmadu Bello. Amma wannan gwajin yaran da ƙashinsu bai gama haɗewa ba yake kamawa, ba zai raba maka ɗan 22 da ɗan 26 ba. Mu abin da ya rage mana shi ne takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, lambar NIN, da rajistar da za a yi wa yaro tun ranar da ya fara tsere yana ƙarami a ajiye ta, yadda shekarar da aka rubuta masa yana da 14 ita za ta bi shi har ya girma.

Ɗana yana da 18, yana cin tsaransa, in bar shi ya shiga na manya?

Alhaji, in a nan gida ne ka bar shi ya ɗanɗana sau ɗaya ko biyu a shekara, gajeren tsere, da hular kwano mai kyau da birkin da aka duba, ya ga yadda ake yi. Amma kar a cire shi daga tsaransa gaba ɗaya, yaro yana buƙatar ya san yadda ake cin tsere, yaushe ake tashi, yaushe ake ɓoyewa a bayan wani, kuma wannan ba a koyonsa in kullum a can baya kake kana haki. Evenepoel ɗaya ne a cikin dubu, waɗanda aka yi wa gaggawa suka ƙone suka ajiye keke suna da 21 ba a kawo labarinsu a talabijin. Kuma kar ya bar makaranta ko sana'arsa saboda keke, a ƙasar nan har yanzu keke bai fara riƙe gida ba. In kana so ka kawo shi ranar Asabar bayan sallar asuba mu fita tare zuwa Maraban Jos mu dawo, in ga yadda yake zama a kan sirdi da yadda yake canza giya a hawa, sannan in faɗa maka abin da na gani.